HUKUNCIN CIRE LASISIN WINDOWS DAGA WATA KWAMFUTA A SA WA WATA

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako yana magana ne a kan wata mas'ala ta ciniki wadda ba a ambace ta da sunanta a littattafan magabata ba, amma asalinta yana nan a cikinsu. Mas'alar ita ce: mutum yana da kwamfuta, ta tsufa ko ta mutu, ya sami wata, shin ya halatta ya cire lasisin Windows da ke kan ta farko ya sa wa ta biyu, ko kuwa sai ya sake saye? Wannan yana aukuwa ga ɗalibai, da masu shagon buga takardu, da shugabannin makarantun Islamiyya waɗanda aka damƙa wa dukiyar jama'a. Da yawa daga cikinsu kuwa sukan miƙa na'urar ga mai gyara, su karɓa tana aiki, ba tare da sun tambayi abin da ya sa mata ba.

Ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa, saboda haka ya wajaba a fara da bayanin abin da ake kira lasisi. Windows babbar manhaja ce ta kamfanin Microsoft na Amurka, ita ce ke tafiyar da na'urar, sauran manhajoji kuwa a kanta suke hawa. Wanda ya biya kuɗinta bai mallake ta ba kamar yadda mutum yake mallakar rago ko keke. Abin da ya saya izini ne na yin amfani da ita bisa sharuɗɗan da aka rubuta, waɗanda yake amincewa da su a lokacin da ya danna alamar yarda. Shaidar wannan izini ita ce mabuɗi mai haruffa da lambobi 25, an kasa su kashi biyar. Tun daga Windows XP a shekarar 2001 kamfanin ya sa dokar tabbatarwa, watau sai na'urar ta sadu da kamfanin an duba mabuɗin kafin a ɗauke ta a matsayin mai izini.

Lasisin kuwa iri uku ne, kuma a nan ne yawancin mutane suke rikicewa. Akwai wanda ya zo tare da kwamfutar daga masana'antarta, kamar HP ko Dell ko Lenovo, ana kiransa OEM. Wannan an ɗaure shi ne ga na'urar da aka fara sa shi a kanta, kuma kamfanin yana ɗaukar babban allon da ke cikin na'urar a matsayin shi ne ita. Da, akan manna takardar mabuɗin a ƙarƙashin kwamfutar. Daga Windows 8 a 2012 sai aka koma rubuta shi a cikin allon kansa. Sharaɗinsa shi ne yana bin na'urar duk inda ta tafi: in an sayar da ita an sayar da shi, amma ba a raba su. Akwai kuma wanda mutum ya saya shi kaɗai, a kwali ko ta intanet, daga kamfanin ko daga dillalinsa. Wannan sharaɗinsa ya yarda mai shi ya mayar da shi kan wata na'urar tasa, muddin ya cire manhajar daga ta farko. Ya kuma yarda ya ba wani mutum daban, in shi ne mai shi na farko, kuma wanda aka ba ya amince da sharuɗɗan. Na uku shi ne na sari, wanda ake yi wa ma'aikatu da jami'o'i da kamfanoni domin na'urorinsu masu yawa.

To, tambaya ta farko ga fiƙihu ita ce: irin wannan izini dukiya ne wadda shari'a take karewa? Magabatan Hanafiyya sun ɗauki dukiya a kan abin da ake iya riƙewa a ajiye, saboda haka ba su ƙidaya amfani tsantsa a cikinta ba. Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa sun ɗauki amfani a matsayin dukiya mai ƙima, kamar zaman gida da hawan dabba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, daidai da 1409 bayan Hijira, ta fitar da ƙuduri mai lamba 43, inda ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta kuɗi a al'adar zamani, kuma bai halatta a ƙetare musu iyaka ba. An sami malaman da suka saɓa, suka kafa hujja da hadisin da ya tsoratar a kan ɓoye ilmi. Amma wannan hujja ba ta kai ga mas'alar nan ba, domin hadisin yana magana ne a kan wanda aka tambaya ilmin da ya sani ya ƙi faɗa. Kamfanin da ya ɗauki dubban ma'aikata ya biya su albashi suka rubuta manhaja ya fi kama da maƙeri mai sayar da garma. Ba wanda ya ce maƙeri ya ɓoye ilmi don ya ƙi ba da garmarsa kyauta.

Sa'an nan sai maganar sharaɗi. Aya ta farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika ƙulle-ƙullen da suka ɗaura, aya ta 34 ta Suratul Isra'i ta bayyana cewa alkawari abin tambaya ne, aya ta 29 ta Suratun Nisa'i kuwa ta hana cin dukiyar juna da ɓarna sai ta hanyar ciniki bisa yardar juna. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ɗauka, Tirmizi ya ƙara da togace sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Sharaɗin a yi amfani da lasisi ɗaya a kan na'ura ɗaya bai halatta haram ba, bai kuma haramta halal ba. Iyakar abin da aka saya ce kurum.

Ɗalibin da ya yi nisa a littattafan Malikiyya zai iya kawo suka a nan, sukar kuwa mai ƙarfi ce. Zai ce ai a mazhaba, in an sayar wa mutum kaya bisa sharaɗin kada ya sayar ko kada ya kyautar, cinikin ya ɓaci sai an zubar da sharaɗin, domin ya saɓa wa manufar mallaka. Amsa ita ce wannan ƙa'ida tana aiki ne a inda aka mallakar da zatin abu. Lasisi kuwa babin haya da izini ya fi kusa da shi. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bambanta a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin mallakar amfani da mallakar amfanuwa. Wanda ya mallaki amfani, kamar mai hayar gida, yana iya zama da kansa, yana kuma iya zaunar da wani. Wanda aka ba amfanuwa kurum, kamar ɗalibin da aka ba ɗaki a makarantar waƙafi, shi kaɗai aka yi wa izini, ba shi da ikon ya ba da hayar ɗakin. Ma'aikacin da ma'aikatarsa ta sa wa na'urarsa lasisin sari yana matsayin wannan ɗalibi ne. In ya kwashe mabuɗin ya kai gida, ko ya sayar, ya yi tasarrufi a cikin abin da ba nasa ba.

Abin da ya fi kusantar da mas'alar ga fahimta yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ba a rasa ta a zauren kowane malami a ƙasar nan. A babin haya ya kawo hukunci biyu dab da juna. Wanda ya yi hayar wata dabba ayyananna zuwa wani gari, ta mutu a hanya, hayar ta warware a abin da ya rage, domin a kan wannan dabba aka ƙulla. Amma wanda ya ɗauki makiyayi ya yi masa kiwon tumaki, tumakin suka mutu, hayar ba ta warware ba, sai ya kawo irinsu. Lasisin OEM kamar dabbar farko yake, ƙullin yana kan na'ura ayyananna, in ta mutu ya tafi da ita, kuma saboda haka ne kuɗinsa ya fi sauƙi tun farko. Lasisin da aka saya shi kaɗai kuwa kamar hayar makiyayi yake: na'ura ta tafi, a kawo wata a madadinta. Sai dai a lura, musanya aka yarda da ita, ba ƙari ba. Wanda ya yi jinga a kan tumaki ɗari ba ya kawo ɗari biyu ya ce kuɗin farko ya isa.

Wani yakan ce ai kamfanin na waɗanda ba Musulmi ba ne, ga shi kuma da dukiyar da ba za ta girgiza ba. Wannan magana ba ta da madogara. Muslim ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun kama Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya umarce su da su koma su cika alkawarin, alhali ana shirin yaƙin Badar, Musulmi kuma 'yan kaɗan ne. Idan an cika wa abokan gaba alkawari a irin wannan rana, abokin ciniki ya fi cancanta. Yawan dukiyar mai haƙƙi kuwa bai taɓa zama dalilin halatta ta ba.

Yadda ake yi a aikace ba shi da tsawo. Da farko mutum ya san irin lasisinsa: ya buɗe akwatin rubuta umarni da ake kira Command Prompt da ikon mai kula da na'ura, ya rubuta slmgr /dli. Zai ga ɗaya daga cikin kalmomi uku, OEM ko RETAIL ko VOLUME, kuma ta tsakiya kaɗai ce take ba shi ikon sauyawa. Ya tabbata yana da mabuɗinsa a rubuce, ko kuwa ya haɗa lasisin da asusunsa na Microsoft, abin da ya yiwu tun 2016. Sa'an nan ya rubuta slmgr /upk domin cire mabuɗin, da slmgr /cpky domin share shi daga ma'ajiyar na'urar. A sabuwar kwamfutar sai ya shigar da mabuɗin a wurin tabbatarwa, kuma dole nau'in ya dace, Home da Home, Pro da Pro. In ta ƙi karɓa, akwai wurin warware matsala inda zai bayyana cewa ya sauya na'ura, ko ya tuntuɓi kamfanin ya faɗi gaskiyar abin da ya faru. Wanda yake da Windows 10 ya tuna cewa kamfanin ya daina ba ta kulawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, amma lasisinta na halal yana aiki ga Windows 11 in na'urar ta cika sharuɗɗanta.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa. Wancan umarni na cire mabuɗi ba ya aika wa kamfanin wani saƙo. A cikin na'urar kurum yake aiki. Haka kuma tun daga Windows 10 a 2015 kamfanin yana ajiye alamar kowace na'ura da aka tabbatar, har takan iya sake tabbatar da kanta in an mayar mata da manhajar ta hau intanet. Ma'ana, mai yiwuwa ne mutum ya wayi gari na'urorinsa biyu suna aiki da lasisi ɗaya ba wanda ya hana shi. Mutane da yawa sukan ɗauki karɓar na'ura a matsayin fatawa, su ce ai ta yarda. Na'ura ba mufti ba ce. Ƙofar da mai gida ya manta bai kulle ba, ba ta zama izinin shiga. Sharaɗin da aka ɗauka shi ne a cire manhajar daga tsohuwar na'ura, saboda haka in za a ci gaba da amfani da ita, ko a ba ƙane, ko a sayar, lalle ne a saya mata nata lasisin ko a sa mata wata manhajar. Har kotun Tarayyar Turai, da ta yarda a 2012 a sayar da lasisin da aka yi amfani da shi, sai da ta gindaya cewa mai sayarwa ya lalata kwafin da ke hannunsa.

Nauyi mafi girma yana kan mai gyara da mai sayarwa, domin su ne suka san abin da mai saye bai sani ba. Wanda ya sa mabuɗi ɗaya a kan na'urori ashirin ya karɓi kuɗin lasisi daga kowa, ya sayar da abin da ba shi da shi, abin da aka hana Hakimu ɗan Hizami a hadisi sananne. Wanda kuwa ya sa manhajar fashi, ko mabuɗin sari na wata ma'aikata, ya ce wa mai saye na asali ne, ya haɗa da algus, irin wanda Annabi ya yi tir da shi a lokacin da ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa. Irin wannan lasisi na sari, wani nau'insa yana buƙatar sabuntawa duk kwana 180, saboda haka mai saye yakan ga na'urarsa ta fara kuka bayan 'yan watanni, mai sayarwa kuwa ya riga ya ci kuɗin. Mai sayen da aka ruɗa ba shi da laifi a abin da ya wuce, yana kuma da haƙƙin mayar da kaya saboda aibi. Amma daga ranar da ya sani, gyara ya hau kansa.

Wanda kuɗin lasisi ya fi ƙarfinsa, to ba a kai ga lalurar da take halatta abin da aka hana ba, domin akwai mafita. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, masu ita sun yi izini ga kowa ya kwafa ya raba ya sa a kan na'ura ko nawa ce. Nau'o'inta kamar Ubuntu da Linux Mint suna rubutu da lissafi da shiga intanet, suna kuma rubuta Larabci. Makarantar da ta mayar da lasisinta kan sabuwar kwamfuta tana iya sa wa tsohuwar ɗaya daga cikinsu, yara su ci gaba da koyo a kanta.

Allah ne Mafi sani.