Zaman Ci da Sha Tare da Abokai: Darasi ga Mai Bin Almasihu

Darasin nan ya shafi wani abu da ke samun kowanenmu, wato ranar da abokai za su kira ka, su ce ka zo a zauna a ci a sha tare. Waɗansu masu bi suna tsoron irin wannan kira har su guje wa mutane, waɗansu kuwa suna amsa kowane kira ba tare da tunani ba. Bari mu duba hanyar da ta dace.

1. Cin abinci tare baiwa ce daga Allah

Mutanen ƙasarmu sun san wannan tun kaka da kakanni. Ran kasuwar Talata Mafara, sa'ad da mutanen Kaya da Maradun da Bakura suka gama sayar da shinkafa da albasa da tumatir na noman rani, waɗanda ruwan madatsar Bakolori ya shayar, sai ka ga sun taru wurin mai tsire ko mai shayi. A yanka balangu a bisa takarda, a barbaɗa yaji, kowa ya sa hannu. A nan ake jin labarin gida, a nan ake shirya waɗanda suka ɓata. Zumunta a ƙafa take, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ubangijinmu Yesu bai ƙi irin wannan zama ba. Ya je bikin aure a Kana ta Galili. Ya ci abinci a gidan Lawi mai karɓar haraji, ya sauka a gidan Zakka a Yariko, har masu ganin kansu adalai suka yi gunaguni a kansa. Bayan tashinsa daga matattu ma, ya shirya wa almajiransa kifi da gurasa a bakin tekun Tibariya. Saboda haka kada kowa ya ce maka murtuke fuska da ƙin mutane su ne tsarki.

2. Inda tarkon yake

Amma akwai zaman da abincinsa ɗan rakiya ne, abin sha shi ne mai gida. A dā, a ƙauyukan Maguzawa, burkutu ne: a jiƙa dawa har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami, sa'an nan a zagaya da ƙwarya ran gayya ko ran biki. Barasar Turawa kuwa, yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Burasal a shekara ta 1890 ta ba da ikon hana shigar da ita inda ba a saba da ita ba, aka kuwa sa Arewacin Nijeriya cikin wuraren da aka hana. A shekara ta 1999 Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya yi shelar shari'ar Musulunci a Gusau, ta soma aiki a Janairu 2000, aka rufe gidajen giya a jihar Zamfara.

Kada ka ce tun da haka ne darasin nan bai shafe ka ba. Samarinmu suna tafiya cin rani da neman ilimi, suna zuwa Kaduna da Jos da Abuja da Sabon Garin Kano. A can akwai wurare masu fitilu da kiɗa, inda ake kawo farfesu da gasasshen kifi da tsire a ƙananan faranti, kwalabe kuwa suna biye da su. Ka lura da yadda abin ke aiki. Gishiri da barkono suna ta da ƙishirwa, ƙishirwa ta kira kwalba. Farantin ƙarami ne, don haka ba ka jin ka kashe kuɗi mai yawa, sai ka ce a ƙaro. Wannan aboki ya saya wa kowa, wancan ma ya saya, kai kuma kunya ta hana ka tashi ba ka rama ba. Giya tana shiga jini da sauri, hanta kuwa a hankali take tace ta, kuma abin da take fara raunanawa shi ne hankalin da zai ce maka ya isa. Ga shi kuma za ka hau babur da dare.

A gida ma tarkon ya sake kama ne kawai. Inda babu kwalbar giya, akwai ƙwaya irin su tiramol, akwai maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a shekara ta 2018. Duk abin da ke ƙwace hankalin mutum, hukuncinsa ɗaya ne, ko a ƙwarya yake ko a ɓoye cikin kwalbar lemo.

3. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya

Wani zai ce, "Ashe, ba Yesu ne ya mai da ruwa ruwan inabi ba? Bulus kuma bai shawarci Timoti ya sha kaɗan saboda cikinsa ba?" Gaskiya ne, ba kuwa za mu ɓoye abin da ke rubuce ba. Amma Littafin nan guda ya hana buguwa sarai, a Afisawa sura 5 da Galatiyawa sura 5. Ka tuna da Nuhu, mutumin da ya tsira daga ruwan tufana, amma ruwan inabin gonarsa ya kwantar da shi tsirara, abin ya zama sanadin la'ana a zuriyarsa. Ka tuna da Belshazzar, wanda ya sha da tasoshin Haikali a gaban manyansa dubu, a daren nan kuwa aka kashe shi. Ka tuna da Hirudus, wanda ya yi rantsuwar wauta a wurin biki, kunyar abokan cinsa ta sa ya ba da kan Yahaya Mai Baftisma. Ka gani, kunyar abokan zama tana iya kai mutum ga zub da jini.

Akwai kuma mutum uku da za ka sa a gabanka kafin ka miƙa hannu.

Na fari, ɗan'uwanka rarrauna. Wataƙila da ƙyar Ubangiji ya fisshe shi daga shaye-shaye. In ya gan ka da kwalba, kai da yake ɗauka babba cikin bangaskiya, sai ya koma gidan jiya. Bulus ya yi wannan gargaɗi a Romawa sura 14, cewa gara mutum ya bar abin da yake da iko a kansa da ya zama sanadin tuntuɓe ga wani.

Na biyu, maƙwabcinka Musulmi. Mu kaɗan ne a ƙasar nan, idanu kuwa suna kanmu. Maƙwabcinka ba ya karanta Linjila, kai yake karantawa. In ya ga Kirista ɗaya yana tangaɗi, ba zai ambaci sunan mutumin kaɗai ba, zai ce halin masu bin Almasihu ke nan. Sunan da za ka ɓata ba naka ba ne.

Na uku, iyalinka. Rashin zaman lafiya ya hana mutane da yawa a Zamfara noma gonakinsu, hatsi ya yi tsada, ga gwauraye da marayu a kowace unguwa. Kuɗin da ya ƙare a zaman dare ɗaya, mudu nawa na gero zai saya? Bulus ya tsauta wa Korantiyawa domin a taronsu wani na buguwa, wani na jin yunwa.

Saboda waɗannan dalilai, shawarar da muke ba ka ita ce ka bar abin sa maye ɗungum. Daniyel saurayi ne a baƙuwar ƙasa, ya ƙudura a ransa tun da wuri ba zai taɓa abincin sarki da ruwan inabinsa ba, Allah kuwa bai bar shi ya ji kunya ba.

4. Yadda za ka yi

Ka yanke shawara tun kana gida, gama rigakafi ya fi magani. Ka tambayi inda za a je da waɗanda za a zauna da su, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In wurin shaye-shaye ne, ka ce wa abokanka da fara'a, "Ku zo mu je wurin mai tsire, ni zan saya." In an miƙo maka abin da ba ka sha, ka ce, "Na gode, ba na sha," ka nemi zoɓo ko kunun zaƙi, ba sai ka yi musu wa'azi mai tsawo ba. Za su yi maka ba'a sau ɗaya ko sau biyu, daga baya kai za su nema ran da wahala ta same su.

Ka ƙayyade kuɗin da za ka kashe, kada ka ci bashi domin a yabe ka. Ka yi godiya ga Allah kafin ka ci, ko da a zuciya ne. Ka tsare bakinka daga gulma da zancen batsa. Ka koma gida da wuri. In kuwa Allah ya buɗa maka, ka yi abin da Ubangiji ya umarta a Luka sura 14, ka kira matalauci da gurgu da makaho, waɗanda ba su da abin da za su rama maka.

In ka riga ka faɗi cikin tarkon nan, kada ka fid da zuciya. Ka je wurin fasto ko dattijon ikilisiya, ka faɗa masa gaskiya. Wanda ya zauna cin abinci da masu zunubi yana karɓar mai tuba har yau.

Tambayoyi

1. Ka ambaci wurare uku inda Yesu ya ci abinci tare da mutane.
2. Me ya kai Hirudus ga kisan Yahaya?
3. Su wane ne mutum uku da za ka tuna da su kafin ka miƙa hannu?
4. Wace amsa za ka ba abokin da ya matsa maka ka sha?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin abinci da abokai. Ka ba mu ƙarfin zuciya mu ƙi abin da zai ɓata sunanka, ka sa zamanmu da mutane ya zama albarka a gare su. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.