Darasi na 14: Ma'aurata da Tsoron Ciwon Gado

Karatu: Yohanna 9:1-7, Luka 14:28-30, Matta 4:5-7, Galatiyawa 6:2.
Aya ta haddacewa: Misalai 22:3.

'Yan'uwa, bari mu ɗauki misali wanda ba baƙo ba ne a ƙasar Zonkwa da Kafanchan. Ga wani magidanci da matatasa, dukansu masu bi, da 'ya'yansu biyu. Na farin lafiyayye ne, yana taya ubansa aiki a gonar citta. Ta biyun kuwa, tun tana wata shida hannuwanta da ƙafafunta su ke kumbura. Kadan hunturu ya sauko, sai ta kwana tana kuka don ciwon ƙashi. Aka auna jininta a asibiti, aka ce sikila ce. Dangin miji suna cewa, "Matar nan ce ta kawo mana wannan." Ma'auratan suna marmarin ɗa na uku, amma tsoro ya kama su. Me za su yi?

1. Ba hukunci ba ne

Sa'anda almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, sai suka shiga neman mai laifi, ko shi ko iyayensa. Ubangiji Yesu ya ƙi duka biyu. Ya juyo da hankalinsu ga aikin da Allah za ya yi cikin mutumin, kana ya taimake shi. Saboda haka kada mai bi ya kira ciwon haihuwa la'ana, ko maita, ko sakamakon zunubin uwa.

2. Mene ne wannan ciwo?

Sikila ita ce Hausawa ke kira amosanin jini. Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ya kamata su zama kewayayyu masu taushi, su kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan zafi ke tasowa, da ƙarancin jini. Likita James Herrick ya fara bayyana ta a rubuce a Amurka cikin 1910. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai ɗauke da irin ciwon guda ɗaya yana da ɗan tsari daga zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa irin ya yawaita a ƙasashenmu. A Nijeriya wajen mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da shi, ana kuwa ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da ciwon kowace shekara.

Kowane yaro yana karɓar iri ɗaya daga ubansa, ɗaya daga uwatasa. Wanda ya karɓi masu kyau biyu, likitoci suna kiransa AA. Wanda ya karɓi mai kyau ɗaya da na sikila ɗaya, AS ne, yawanci kuwa lafiyarsa lau. Wanda ya karɓi na sikila biyu, shi ne SS, mai ciwon. Ku lura da kyau: yaro ba ya zama SS sai uba da uwa dukansu sun ba da irin. Ashe dangin nan da su ke zargin matar sun yi kuskure, gama rabi daga ɗansu ya fito.

3. A zauna a yi lissafi

Cikin Luka 14 Ubangiji yana magana a kan tamanin bin sa, amma misalin da ya bayar ya nuna yana yabon mai ginin da ya fara zama ya yi lissafi. To, bari mu yi namu. Kadan miji AS ne, mata kuma AS, sai ku sa wake huɗu cikin ƙwarya: fari ɗaya, jajaye biyu, baƙi ɗaya. Farin AA ne, jajayen AS, baƙin SS. Kowane ciki kamar mutum ne ya rufe ido ya ɗauki ɗaya, sa'an nan ya mayar da shi cikin ƙwarya. Don haka kada ma'auratan su ce, "Mun rigaya mun ɗauki baƙin, sauran lafiya." Baƙin yana nan kowane lokaci, 1 cikin 4. Amma kadan ɗayansu AA ne, babu ɗansu da za ya zama SS.

4. Bangaskiya ba rufe ido ba ce

Shaiɗan ya ce wa Ubangiji ya faɗo daga kan haikali, wai mala'iku za su tare shi. Ubangiji ya ƙi, domin wannan gwada Allah ne. Mai ƙin awon jini da sunan bangaskiya, ya bincika zuciyatasa. Duk da haka Littafi Mai Tsarki bai ƙayyade wa kowane gida yawan 'ya'yansa ba. Hanya uku suna gaban ma'auratan nan. Suna iya tsayawa a kan biyun da Allah ya ba su. Suna iya ɗaukar maraya su goya, kamar yadda Mordekai ya goyi Esther. Suna kuma iya neman na ukun da ido buɗe, a shirye su karɓe shi ko da yaya ya zo. Ko ɗaya ba zunubi ba ne, in dai su biyu suka yarda gaban Allah, ba don matsin dangi ba.

Su tambayi kansu: Muna da ƙarfin jinyar biyu? Asibiti yana kusa? Ƙarfin uwar fa? Kadan suka ci gaba, a auna jaririn da wuri, a yi masa rigakafi duka, ya kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa da yawa, a tsare shi daga sanyi, a bi maganin da likita ya rubuta. Da irin wannan kulawa masu sikila da yawa suna girma, suna aiki, suna hidimar Ubangiji.

Ku samari da 'yammata, ikilisiyoyi da yawa a Nijeriya suna neman takardar awon jini kafin ɗaurin aure. Kada ku jira sai an biya sadaki. Ku auna tun farkon neman aure, a asibitin da aka amince da shi. Kadan da shakka, ku sāke.

5. Nawayar ikilisiya ce

Manzo Bulus ya umurce mu mu ɗauki nawayar juna. Dattawa su riƙe asirin waɗanda suka zo neman shawara. Zumuntar mata su ziyarci uwar da ta kwana jinya. Samari masu lafiya su ba da jini sa'anda aka bukata. Yarinyar nan mai sikila, cikin surar Allah aka yi ta. Kada ta taɓa ji a bakinmu cewa gwamma da ba a haife ta ba.

Tambayoyi
1. Don me Ubangiji ya ƙi tambayar almajirai?
2. Da me za ku amsa wa dangin da su ke zargin matar?
3. Ina bambanci tsakanin dogara ga Allah da gwada Allah?
4. Wane gida ne ikilisiyarku za ta taimaka cikin makon nan?

Addu'a: Ya Uba, ka ba ma'auratanmu hikima da zuciya ɗaya, ka ƙarfafa masu jinya, ka koya mana ƙaunar kowane yaro da ka ba mu, cikin sunan Yesu Kristi. Amin.