Kafin ku zargi netwok, ku duba kodek ɗin wayar ofis

Masu makarantu, asibitoci da gidajen kaji a Kujama da kewaye, da ku nake. Sana'ata haɗa wayoyin ofis masu aiki da intanet, kuma kukan da nake ji kullum ɗaya ne: "Injiniya, murya na yankewa, sai ka ji mutum kamar daga cikin randa yake magana." Nan take sai a ɗora wa netwok laifi. Sau da yawa kuwa matsalar daga kodek take, wato tsarin da ke matse murya ya mai da ita data kafin ta bi layi.

Yawancin na'urorin da ake sayowa a kan G.711 suke zuwa. Tsohon tsari ne tun na 1972, muryarsa garau, amma yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, in an haɗa da bayanan rakiya ya kai 80. Hirar awa guda megabait 36 ne zuwa, 36 dawowa. Mai layin fayiba a cikin garin Kaduna ko a jikinsa. Mu nan kan hanyar Kachia fa? Ƴar rauta ce mai sim an rataye ta a taga, akawu na tura rasit, malamai na sauke bidiyo, sannan a ce kira uku su wuce lokaci guda. Ina zai yiwu?

G.729 kilobit 8 yake ci, jimilla wajen 24, kuma tun 2017 aka daina biyan kuɗin lasisinsa. Murya takan ɗan sirance, kiɗan jira ya dagule, amma magana tana fita. Ni dai na fi son Opus, wanda ya fito a 2012, shi WhatsApp ma ya daɗe yana amfani da shi. In layi ya yi rauni sai ya rage cinsa da kansa, ya kuma cike gurbin guntayen muryar da suka zube a hanya.

Shawarata: tsakanin ɗakunan ofis a bar G.711, samfurin A-law da ake amfani da shi a Najeriya. Kiran da zai fita waje a sa Opus in kamfanin layinku ya yarda da shi, in bai yarda ba G.729. Kada a bari murya ta riƙa sauya kodek a hanya, kowane sauyi rage mata inganci yake yi.

Don Allah kada ku biya mai haɗa muku waya kan gwajin safe. Ku sa ya gwada da yamma, lokacin da kowa ya hau layi, kuna tsaye kuna ji da kunnenku.