Ba Kowane Tari Ne Mura Ba

Jama'a, in hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe gari, da wuya ka shiga gida ba ka ji ana tari ba. Mu kuwa kowane tari sunansa ɗaya a bakinmu: "sanyi ne ya kama shi." To, a nan ake yin sake har ɗan zaki ya girma.

Mura ba ta ɓuya: atishawa, majina, ƙaiƙayin maƙogwaro, ɗan zazzaɓi. Cikin kwana 7 zuwa 10 ta kama gabanta. Hutu take so da abin sha mai ɗumi. Kafson da ake saye a kemis ba ya kashe ƙwayarta, asarar kuɗi ce kawai.

Wanda ke yi wa yara ɗauki ɗai ɗai shi ne ciwon huhu, wato nimoniya, don da rigar mura yake shigowa. Uwa, ga yadda za ki gane shi. Ki bari yaron ya yi shiru, ki ɗaga rigarsa, a riƙe miki agogon waya, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara guda, 50. Daga nan zuwa shekara 5, 40. Sannan ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa. In wurin yana lotsawa duk sanda ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya saki, sai asibiti, ko da tsakar dare ne. Kai kuma maigida, ka ba da izini tun yau. Ba daidai ba ne yaro na haki, uwa na jiran ka dawo daga kasuwa.

Ga babba kuwa, kwanaki ake ƙirgawa. Tarin da ya kai mako 2, ga gumin dare, ga rama, wani lokaci har da jini a kaki, a je a gwada tarin fuka. Ba sammu ba ne. Tun 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano ƙwayarsa. A Najeriya gwaji da magani kyauta ne a asibitin gwamnati, amma wata 6 ake sha. Wanda ya ji sauƙi ya yanke, ciwon na iya dawo masa da taurin kai.

Asma takan zo ta tafi, ƙirji yana fito, kuma ba a ɗaukarta.

Sai mashaƙo, wanda ya addabi Kano a 2023. In wuyan yaro ya kumbura, haɗiya ta gagara, wani abu fari-fari ya shimfiɗe a maƙogwaro, kada a kira wanzami da sunan beli ne. A kai shi asibiti a ranar, a kuma duba katin rigakafin 'yan uwansa.