UWA, KI BA ƊANKI MINTI ƊAYA

Ke uwa! Mun san kaka ta yi a Gozaki, aiki ya yi yawa: ga ɓarar masara, ga surfe, ga tuwon masu girbi, ga goyo a baya. Hannu yana nan, hankali yana can. To, a irin wannan lokaci ne ciwo kan shigi yaro ba a lura ba, balle in hunturu ya kawo tari da mura.

Taura biyu ba ta taunuwa. Kowace safiya ki ajiye aiki na minti ɗaya, ki tattara hankalinki a kan ɗanki shi kaɗai.

YADDA ZA KI YI

1. Ki ajiye taɓarya, ki zauna a inuwa. Ki ja numfashi a hankali sau 3, har zuciyarki ta kwanta.
2. Ki kwance goyo, ki ɗora shi a cinya, ki ɗaga rigarsa. In yana kuka, bari sai ya yi shiru.
3. Ki taɓa jikinsa. Da zafi? Ki dubi idonsa. Ya kama nono yau kamar jiya?
4. In yana tari, ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. Wani ya riƙe miki agogo ko waya. Ƙirji ya tashi ya sauka, ɗaya ke nan.
5. In tunanin tukunya ya ɗauke ki, lissafi ya ɓace, ba laifi. Ki dawo da hankalinki, ki sake daga farko.

NUMFASHI YA YI SAURI IN YA KAI:

60 a minti, ga jaririn da bai kai wata 2 ba.
50, daga wata 2 zuwa wata 11.
40, daga shekara 1 zuwa 5.

Wannan alama ce ta ciwon limoniya, wanda ke kama huhu. Ki kawo shi asibiti ran nan, kada ki ce sai an gama girbi.

In kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, ko ya ƙi farkawa, to maza, ko da dare ne! A gaya wa maigida ya nemo mota. In an tura ku Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtua, ku tafi nan take.

Masara za ta jira ki, ciwo ba ya jira. Kin ji ko?