Alobera ba ta zama bishiya, a daina ruɗin mutane

Tambaya guda ce ke ta dawo mini, har ta fara isata. Mutum ya sayi tsiro a wurin masu furanni na bakin titi, an ce masa alobera ce, in ya yi haƙuri za ta zama bishiya. Wani kuma ya ga hoton wata doguwa a Facebook, an rubuta wai tsohuwar alobera ce, ruwanta ya fi na ƙarama ƙarfin magani. Duk zancen banza ne. Alobera ba ta da gangar jiki ta kirki. Daga gindi ganyenta ke fitowa, tana 'ya'ya a gefe, kuma ko ta shekara nawa da wuya ta wuce ƙugun mutum.

Masu zama bishiya dangi ne daban, galibinsu 'yan kudancin Afirka, har a 2013 masana tsirrai suka ware su da suna Aloidendron. Babbarsu ita ce Aloidendron barberae ta Afirka ta Kudu da Mozambik, wadda kan kai mita 15. Ɓawonta toka-toka ne, rassanta na rabuwa biyu-biyu, dogayen ganyenta kore shar suna lanƙwasowa ƙasa. Aloidendron dichotomum ta Namibiya kuwa ɓawonta ruwan ɗorawa ne mai ɓamɓarewa, ganyenta gajere, furenta rawaya. Da reshenta mutanen ƙabilar San ke yin kwarin zuba kibau. Idan bishiyarka sanda ɗaya ce ba reshe, busassun ganye sun lulluɓe jikinta, ga jajayen ƙayoyi a ganyen, to mai yiwuwa Aloe ferox ce. Sau da yawa ma abin da ake sayar wa mutane agabe ne ko yuka. Karya ganye ka gani: na dangin alobera yana ɓallewa da yauƙi a ciki, na agabe zare ne ke riƙe shi, ga tsini mai tauri a ƙarshensa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sha. Ruwan nan rawaya mai ɗaci da ke tsatsowa daga ƙarƙashin fatar ganye yana ɗauke da sinadarin aloin, mai sa zawo mai tsanani da murɗar ciki. A Aloe ferox ya fi yawa. Tun 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da maganin wankin ciki da aka yi da shi kai tsaye a kanti. Amma a nan sai ka ji ana ba mai juna biyu, ana ɗura wa yaro, wai wankin ciki. Kada mai ciki ta sha, kada mai shayarwa ta sha, kada mai ciwon ƙoda ya kusance shi. Tsiron da ba ka san sunansa ba, me zai kai shi bakinka? Masu sayarwa kuma su ji tsoron Allah, in ba su sani ba su ce ba su sani ba.

Batun renon waɗannan tsirrai ba wuya, in dai za a bar jarkar ban-ruwa ta huta, domin yawan ruwa ne ke ruɓar da saiwarsu. A haɗa ƙasa da yashi mai kauri da tsakuwa, tukunya ta zama mai huda a ƙasa, kada a ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe sarai. In reshe aka yanko, a bar shi a inuwa mako biyu zuwa uku bakin yankan ya bushe kafin a dasa. Barberae tana jure ruwan damina, amma gindinta na buɗewa sosai, don haka a nisanta ta da katanga da bututun ruwa. Dichotomum 'yar busasshiyar ƙasa ce, ruwan Agusta kan iya kashe ta a fili. A bar ta a tukunya, a ja ta ƙarƙashin rumfa har damina ta wuce.