Dokar Aure a Ƙasashen Waje da Bangaskiyar Kirista

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila ka ji a rediyo cewa waɗansu ƙasashe sun yi doka wadda ta yarda namiji ya auri namiji, mace kuma ta auri mace. Ƙasar Holand ce ta fara a 2001. Afirka ta Kudu ta yi a 2006, Faransa a 2013, Amurka kuma a 2015. A wannan darasi za mu duba yadda dokar ta shafi masu bi da ke zaune a can, da abin da za mu koya daga wurinsu.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya

Ka buɗe Farawa 2:18-25 da Matta 19:3-6, ka karanta wa iyalinka. Allah ne ya kafa aure tun farko, tsakanin namiji da mace, Yesu Almasihu kuma ya tabbatar da haka. Wannan ita ce koyarwar ikkilisiyarmu. Gwamnati tana da ikon rubuta dokar ƙasa, amma Maganar Allah ba a hannunta ta ke ba.

Ina ne dokar ta taɓa masu bi?

Akwai wurare uku: majami'a, ofishin gwamnati, da kasuwa.

Na ɗaya, majami'a. A waɗannan ƙasashe dokar ba ta tilasta wa fasto ya ɗaura irin wannan aure ba. A Ingila ma, dokar 2013 ta faɗa a fili cewa ba za a tilasta wa shugaban addini ko ɗaya ba. Kada fa mu baza labarin ƙarya cewa dokar ta rufe majami'u.

Na biyu, ofishin gwamnati. A nan wahala ta ke. A Faransa auren da doka ta sani shi ne wanda aka ɗaura gaban magajin gari, irin auren ofis ɗin nan da mu ma muka sani. Waɗansu magadan gari suka roƙi a ba su izinin ƙin ɗaura auren saboda lamirinsu. A watan Oktoba na 2013, majalisar da ke tsaron tsarin mulkin ƙasar ta ce babu wannan izini. A Amurka, a jihar Kentaki, wata mai suna Kim Davis ita ce aka zaɓa ta riƙa ba da takardun aure a yankinta. Ta ƙi ba da su saboda bangaskiyarta. Alƙali ya sa aka tsare ta kwana 5 a watan Satumba na 2015. A Afirka ta Kudu kuwa, da farko ma'aikacin gwamnati yana iya janye hannunsa, amma a 2020 aka soke wannan dama.

Na uku, kasuwa. A jihar Kolorado ta Amurka, wani mai toya gato, Jack Phillips, ya ƙi yin gato na bikin auren maza biyu a 2012, ko da ya ke ya ce zai sayar musu da sauran kayan shagonsa. Suka kai ƙara. A 2018 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, alƙalai 7 suka goyi bayansa, 2 suka ƙi. Amma dalilin kotun shi ne hukumar jihar ta nuna ƙiyayya ga addininsa sa'ad da ta ke sauraron ƙarar. Ba ta ce kowane ɗan kasuwa yana da ikon ƙi ba.

Me ya sa maganar ta yi wuya?

Ka saurari kowane gefe, gama mai shari'a ba ya jin bakin mutum ɗaya. Masu goyon bayan dokar suna cewa ofishin gwamnati na kowa ne, tun da ya ke kowa na biyan haraji. Suna tambaya: in ma'aikaci ya kori wannan yau saboda addininsa, me zai hana wani ma'aikaci ya kori Kirista gobe? Masu bi da suka ƙi kuwa suna cewa ƴancin addini bai tsaya a ranar Lahadi ba, mutum ba ya ajiye lamirinsa a ƙofar ofis kamar takalmi.

Tambayar masu goyon bayan dokar ta shafe mu, domin mu Kirista kaɗan ne a ƙasarmu. Ba mu manta da watan Janairu na 2015 ba, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Mun san daɗin doka mai tsare mai rauni.

Me Kirista zai yi?

1. Ya girmama hukuma, kamar yadda Romawa 13 ta koya, ya kuwa sa biyayya ga Allah a gaba, kamar manzanni cikin Ayyukan Manzanni 5.

2. Ya shirya ɗaukar hasara. Daniyel bai tayar da tarzoma ba, bai kuma daina addu'a ba. In aiki ya ci karo da lamirinka, ka faɗa wa shugabanka da ladabi, ka roƙi a canja maka aiki. In ya ƙi, hasarar albashi ta fi hasarar lamiri sauƙi.

3. Ya tsare bakinsa da hannunsa. Mutanen da ke cikin irin wannan aure cikin siffar Allah aka halicce su, Almasihu kuma ya mutu dominsu kamar yadda ya mutu dominmu. Zagi, da duka, da tona asirin mutum don jama'a su far masa, ba aikin ɗan Allah ba ne.

4. Ya gyara nasa gida. Mai dukan matarsa, ko mai aurar da ƴarsa dole, da wane baki zai koya wa duniya tsarkin aure?

Tambayoyi domin iyali

A cikin wurare uku ɗin nan, ina ne masu bi suka fi shan wuya? Yaya za ka ƙi abu ba tare da ka ƙi mutum ba? In kun gama, ku yi addu'a domin ƴan'uwanmu da ke aikin gwamnati a waɗannan ƙasashe, da domin shugabanninmu.